Daga Maigatari Zuwa Ezzamgbo: Nazarin Cinikin Fatar Jaki da Abin da Ya Jawo wa Dabbar

A watan Satumba na shekarar 2022, jami'an kwastam da ke aiki a filin jirgin sama na Murtala Muhammed a Legas sun tsare wasu buhuna 16 da ake shirin lodawa zuwa Hong Kong. Wari ne ya tona asirin kayan, domin da aka kwance bakin buhunan sai aka tarar da al'aurar jakuna maza har 7,000, waɗanda hukumar ta ƙiyasta kuɗinsu a kan naira miliyan 200. Jaridu sun ɗauki labarin, mutane kuma sun yi ta barkwanci da shi na 'yan kwanaki, sannan aka wuce zuwa wani zance. Abin da ba a tsaya a kansa ba shi ne cewa kowane guda daga cikin abin da ke buhunan nan jaki ne sukutum da aka raba da gidan da yake yi wa aiki, aka yi doguwar tafiya da shi, aka kashe shi, kuma duk wannan ya riga ya auku tun kafin wani jami'i ya ji wari a Legas. Wannan nazari ya bi sawun tafiyar ne tun daga farkonta, daga ƙauyukan Nijar da kasuwannin bakin iyaka har zuwa mayankar kudu maso gabashin Najeriya, domin a gane inda azabar take farawa da kuma dalilin da ya sa dokokin da aka kafa ba su kai gare ta ba.

Kafin fatar ta yi kuɗi

Jaki bai taɓa zama dabbar alfarma a ƙasar Hausa ba. Doki na sarakuna ne, saniya dukiya ce, rago na layya da suna ne, shi kuwa jaki sunansa ma zagi ne, wanda ake jifan dakiki da shi. Duk da haka a bayansa aka ɗora kasuwancin ƙasar shekaru aru-aru. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro da jakuna yake tafiya, da su ake ɗauko kanwa da gishiri, kuma bayan da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano a 1912, su ne suka riƙa kawo gyaɗa daga ƙauyuka zuwa wuraren awo. A kewayen birnin Kano jaki yakan shigo da itace ko kara da safe ya koma da taki da yamma, kuma wannan zirga-zirga na cikin abin da ya sa gonakin yankin suka jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Har yau masu yashi da masu ƙasar gini suna cika masa mangala, a ƙauyukan Damagaram da Maraɗi da Tawa kuma, inda rijiya kan yi zurfin da hannu ba zai iya jan guga ba, shi ake ɗaura wa igiya ya janyo ruwan, shi ne kuma zai ɗauki jarkokin zuwa gida. Amalanken jaki ne motar asibitin ƙauyuka da dama idan naƙuda ta yi gardama cikin dare. Masu kiwonsa sun san shi sosai har sun raba shi iri-iri bisa launi, akwai auraki da idabari da fari da baƙi, kowanne da farashinsa da irin ƙarfin da ake zaton yana da shi.

Ba za a ce an kyautata masa a wancan zamanin ba. An dake shi, an yi masa lodin da ya wuce kima, akumari ya ci masa baya har ya yi miki, dabaibayi ya yanke masa ƙafa, idan aiki ya ƙare kuma a sake shi ya nemi abin da zai ci a juji. Sai dai muguntar tana da iyakar da ba tausayi ne ya shata ta ba, buƙata ce. Jakin da ya rame ba ya ɗaukar mangala, wanda ya gurgunce ba ya kai kaya kasuwa, saboda haka mai shi, ko da zuciyarsa dutse ce, dole ya tanadar masa harawa da dusa, ya ba shi kanwa, ya shayar da shi. Ribar mai jaki tana rataye ne da ran jakin da lafiyarsa.

Akwai kuma kariya ta biyu da addini ya ba shi. Hadisin ranar Haibara, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya hana cin naman jakin gida, kuma haramci shi ne mashhurin zance a mazhabar Malikiyya da ake bi a wannan yanki. Don haka jaki ba shi da farashi a wurin mahauta, idan ya mutu kuma janye shi ake yi zuwa bayan gari a bar wa ungulu. Gaskiya ne cewa tun kafin zuwan 'yan kasuwar ƙasar Sin ana kai jakuna kudu maso gabashin Najeriya, inda wasu al'ummomi ke cin namansu, ana kuma yin banda da shi, amma galibi tsofaffi da gajiyayyu ake kaiwa, kuma cinikin bai kai girman da zai taɓa yawan jakunan da ke aiki ba.

Inda buƙatar ta fito

A gundumar Dong'e da ke lardin Shandong na ƙasar Sin an daɗe ana dafa fatar jaki har ta narke ta zama wani abu mai danƙo kamar ƙaro, a bar shi ya daskare, a yanka shi sala-sala. Sunansa ejiao, kuma masu maganin gargajiyar ƙasar suna ba da shi don ƙarin jini da ƙarfin jiki. A dā abin masu hali ne, amma da arzikin jama'ar ƙasar ya bunƙasa sai kamfanoni suka mayar da shi kayan kowa, suna sa shi a alewa da abin sha da man shafawa, suna tallata shi a matsayin maganin tsufa. A daidai lokacin da buƙatar ke hauhawa, jakunan ƙasar suna ƙarewa, domin injuna sun karɓe musu aikin gona da na dako: daga kusan miliyan 11 a farkon shekarun 1990, adadinsu ya faɗi ƙasa da miliyan 2 a 2021. Sai masu masana'antar suka juyo Afirka, wadda ke riƙe da kusan kashi biyu bisa uku na jakunan duniya. Ƙungiyar kare jakuna ta The Donkey Sanctuary da ke Ingila ta ƙiyasta a 2019 cewa masana'antar na buƙatar fatu miliyan 4.8 a shekara, a 2024 kuma ta ce adadin jakunan da ake yankawa domin fatarsu ya kai aƙalla miliyan 5.9.

Wannan adadi ba zai yiwu a cike shi ta hanyar kiwo ba, kuma dalilin yana jikin dabbar. Jaka takan yi kimanin shekara guda da ciki, ta haifi ɗa guda, ɗan kuma sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya isa ɗaukar kaya sosai. Akuya kan haihu sau biyu a ɗan abin da ya zarce shekara, sau da yawa tagwaye, kaza kuma ba a maganarta. Duk kasuwar da ke neman miliyoyin fatun jaki a kowace shekara, to daga jakunan da ke aiki a gidajen talakawa za ta ɗiba, babu wata ma'ajiya.

A nan ne, a ganina, lamarin ya sha bamban da kowace irin wahala da jaki ya saba sha. Mai sayen sa ko rago don nama yana duba ƙiba, don haka direban da ya ɗauko su daga Arewa ya san cewa duk wanda ya rame ko ya mutu a hanya asara ce. Mai sayen jaki don fata ba ruwansa da ƙiba. Fatar jakin da ya kwana uku bai sha ruwa ba, da ta wanda ƙafarsa ta karye a mota, da ta wanda ya mutu tun kafin a iso, duk kusan kuɗinsu ɗaya matuƙar an feɗe su kafin su lalace. Igiyar da ta ɗaure ribar mutum da lafiyar jaki ta tsinke, kuma duk abin da za a bayyana a ƙasa daga wannan tsinkewar ya samo asali.

Hanyar

Maigatari gari ne a jihar Jigawa da ke bakin iyaka da jihar Damagaram ta Nijar, kasuwarsa ta dabbobi kuma, wadda ke ci ranar Alhamis, tana cikin mafiya girma a yankin. Ita da takwarorinta irin su Mai'aduwa a jihar Katsina da Illela a jihar Sakkwato su ne ƙofofin da jakunan Sahel ke shigowa Najeriya. Yawancinsu da ƙafa ake koro su, garke-garke, ta hanyoyin daji da makiyaya suka sani tun kafin a shata iyaka, kuma iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal da babu shinge babu kogi. A kara dillali ne ke haɗa mai sayarwa da mai saye ya karɓi la'adarsa, kamar yadda ake yi a cinikin kowace dabba, sai dai mai sayen na yanzu ba ya buɗe bakin jakin ya duba haƙori, ba ya taɓa bayansa ya ga ko akwai miki, ba ya tambayar ko yana da cizo ko harbi. Girman jiki kawai yake dubawa. Mai ciki da mai shayarwa da ƙaramin da bai isa aiki ba duk suna shiga lissafi.

Daga nan sai a loda su a tirela zuwa kudu. Babbar matattarar ita ce Ezzamgbo, a ƙaramar hukumar Ohaukwu ta jihar Ebonyi, a kan hanyar Enugu zuwa Abakaliki, inda kasuwar ta shahara da jakuna har kalmar Hausa ta shiga sunanta, ana ce mata Nkwo Jaki. Tafiyar ta kusa kilomita 1,000, kuma da yanayin hanyoyin da yawan shingayen karɓar kuɗi, ba a yin ta a yini guda. Ƙungiyoyin kare dabbobi da suka bibiyi wannan ciniki a ƙasashe daban-daban sun bayyana abu iri ɗaya: cunkoso, rashin ruwa da abinci, karyewar ƙafafu, da tattake wanda ya faɗi. The Donkey Sanctuary ta ƙiyasta cewa a wasu hanyoyin har kashi 20 cikin 100 na jakunan kan mutu kafin a isa mayanka.

Akwai wani abu a halittar jaki da ke ƙara tsananta wannan, wanda likitocin dabbobi suka sani amma mafi yawan masu jakuna ba su sani ba. Jaki dabba ce mai shaƙuwa, yakan zaɓi aboki guda ya manne masa, idan aka raba su ko aka jefa shi cikin firgici sai ya daina cin abinci. Da zarar ya daina ci, jikinsa yakan fara narkar da kitse yana turawa cikin jini fiye da yadda hanta za ta iya sarrafawa, kuma wannan ciwo kan kashe shi cikin 'yan kwanaki. Bugu da ƙari, jaki ba ya nuna ciwo kamar doki. Yakan tsaya shiru ne ya sunkuyar da kai, abin da mu kuma muka saba fassarawa da taurin kai ko lalaci. Saboda haka jakin da ke tsaye tsit a bayan tirela yana iya kasancewa yana mutuwa ne ba tare da kowa ya lura ba.

Yankan kansa, kamar yadda bincike ya nuna a wuraren da ba hukuma ke kula da su ba, sau da yawa da guduma ko gatari ake fara bugun kan dabbar, a gaban 'yan uwanta da ke jiran nasu layin. Ana sayar da naman a inda ake cinsa, wani lokacin a gauraya shi da na shanu a sayar wa wanda bai sani ba, fatar kuma a barbaɗa mata gishiri a shanya, a tara ta har ta cika kwantena.

Abin da ya biyo baya a ƙauyuka

Nijar ce ta fara ganin girman ɓarnar a alƙaluma. Hukumominta sun ce a 2015 an fitar da jakuna 27,000 daga ƙasar, amma kafin shekarar 2016 ta kai ƙarshe adadin ya kai 80,000, farashin jaki guda kuma ya tashi daga kimanin dala 34 zuwa dala 145. A Kano, wani rahoton kamfanin dillancin labarai na AFP a 2017 ya nuna cewa jakin da masu yashi ke saya naira 15,000 zuwa 18,000 shekaru biyu kafin nan ya koma naira 70,000 zuwa 75,000. Mai karatu zai iya cewa ai wannan alheri ne ga mai jaki, tunda dukiyarsa ta ninka sau huɗu. Haka ne, amma sau ɗaya tak. Manomin da ya sayar da jakinsa a lokacin bazara don ya sayi hatsi, ko don hidimar aure, a dā yakan mayar da gurbinsa bayan kaka idan ya sayar da wake ko gyaɗa. Yanzu kuɗin kakar ba za su saya masa wani ba. Wanda aka sace wa nasa kuwa ko wannan riba ta sau ɗaya bai gani ba, kuma sata ta yawaita ne saboda jaki, wanda a dā ake sakinsa ya kwana a waje ba mai kallonsa, ya zama abin da ake samun mai saye nan take ba tare da tambaya ba. Aikin da jakin ke yi bai tafi tare da shi ba. Ruwan da yake ɗaukowa da itacen da yake kawowa sun koma kan mata da yara, kuma yarinyar da za ta yi sawu uku zuwa rijiya kafin hantsi ba za ta isa makaranta a kan lokaci ba.

Sai kuma cuta. Daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 murar dawaki da jakuna ta ɓarke a Afirka ta Yamma, an tabbatar da ita a jihar Sakkwato, ta kuma bazu har Senegal, a Nijar kaɗai an ba da rahoton mutuwar jakuna sama da 60,000. Masana da dama sun danganta saurin yaɗuwarta da yadda ake kora garkunan jakuna daga ƙasa zuwa ƙasa ba tare da wani likita ya duba su ba. Wanda bai sayar da jakinsa ba, ba a kuma sace masa ba, shi ma cinikin ya iske shi har turke.

Dokoki da inda suka tsaya

Burkina Faso ta hana fitar da jakuna da fatunsu a watan Agusta na 2016, bayan da aka yanka kimanin 45,000 cikin wata shida, Nijar ta bi sahu a cikin 'yan makonni, Mali da Senegal ma suka ɗauki irin wannan mataki. Sakamakon farko da aka gani shi ne cewa cinikin bai tsaya ba, hanya ya sauya: jakin da aka hana fitarwa ta kan titi sai aka fitar da shi ta daji zuwa ƙasar da ba ta hana yanka ba, kuma tafiyar ɓoye ta fi ta sarari tsawo da wahala.

A Najeriya ɗanyar fata tana cikin jerin kayan da doka ta hana fitarwa waje, kuma da wannan hujja kwastam ke kama kwantenonin fatar jaki. Amma kama fata ihu ne bayan hari, ko kuma, idan aka ɗauki karin maganar a zahirinta, an bar jaki ana dukan taiki. Dokar da ta shafi dabbar tun tana da rai tsohuwa ce ƙwarai: sashe na 495 na kundin laifuka da aka gada a kudancin ƙasar ya tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50 ga wanda ya azabtar da dabba, kundin da ake aiki da shi a Arewa ma yana da makamancin wannan tanadi. Naira 50 a yau ba ta sayen ƙullin dusa. A majalisar tarayya an gabatar da ƙudurori biyu masu fuskoki mabambanta. Garba Datti Muhammad, wanda a lokacin yake ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Sabon Gari a jihar Kaduna, ya nemi a haramta kashe jakuna da fitar da su gaba ɗaya, da hukuncin ɗaurin shekara 10, yayin da Sanata Yahaya Abdullahi daga jihar Kebbi ya gabatar da ƙudurin da zai tsara yankan ya kuma ƙarfafa kiwo. Dillalan jakuna sun tsaya a kan cewa hani zai raba ɗimbin mutane da sana'arsu, kuma mafita ita ce a kafa gandun kiwo.

Hujjarsu ba abin yarwa ba ce, domin dillali da direba da mai fiɗa duk iyali suke ciyarwa. Sai dai an riga an gwada hanyar tsarawa a wata ƙasa, kuma an ga inda ta kai. Kenya ta ba mayanka huɗu lasisi daga 2016, a Mogotio da Naivasha da Lodwar da Machakos, da likitocin gwamnati da takardu da haraji. Ƙidayar ƙasar ta nuna jakuna miliyan 1.8 a 2009, amma a 2019 ba su kai miliyan 1.2 ba, satar jakuna ta addabi ƙauyuka, ana kuma shigo da wasu ta ɓarauniyar hanya daga Habasha da sauran maƙwabta don mayankan su samu abin yankawa. A watan Fabrairu na 2020 gwamnati ta hana yankan, a 2021 kuma kotu ta soke hanin. Gandun kiwon da aka yi alkawari bai cike giɓin ba, kuma ba zai iya ba, saboda lissafin haihuwar da aka ambata a baya da kuma yadda jaki ba ya jure cunkoso.

Daga irin wannan darasi ne taron ƙasashen Afirka kan jakuna da aka yi a Dar es Salaam ta Tanzaniya a watan Disamba na 2022 ya nemi a dakatar da yanka jakuna domin fata na tsawon shekara 15, kuma a watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hanin a taronsu karo na 37 a Addis Ababa. Mataki ne babba, amma matsayar Tarayyar ba ta kama kowa a Maigatari ko Ezzamgbo. Sai kowace ƙasa ta mayar da ita dokarta, ta kuma sa wanda zai tsaya a kan hanya ya aiwatar.

Jakin da aka kama da rai

Akwai tambayar da duk wanda ke son a riƙa tare tirelolin tun jakunan suna da rai ya kamata ya amsa kafin a tare ta farko: ina za a kai su? Fata ana iya jibge ta a sito ta shekara, amma jakuna 80 da aka sauke daga mota, wasu da karaya, wasu da ciki, wasu sun kwana biyu ba ruwa, suna buƙatar rijiya da harawa da likita a daren nan. Idan babu wannan tanadi, abu biyu ne zai faru, ko dai su mutu a harabar ofishin da ya kama su, ko a yi gwanjonsu, kuma wanda zai fi kowa tayi a gwanjon shi ne mai neman fata. Ta haka hukuma za ta zama wani dillalin a cikin cinikin da take yaƙa.

Ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan aiki suna da hanyoyinsu. The Donkey Sanctuary, wadda Dakta Elisabeth Svendsen ta kafa a 1969, tana ba mutane riƙon jakunan da ta ceto, bibbiyu don kada a raba abokai, mallakar kuma tana nan a hannun ƙungiyar, jami'anta suna kai ziyara, idan riƙon ya gaza su karɓe. Ƙungiyar SPANA tana duba jakunan da ke jan amalanken shara a Bamako kyauta, Brooke kuma, daga ofishinta na Dakar, tana horar da masu jakuna da masu yi musu magani. Tsarin Ingila na ajiye jaki ya huta har ƙarshen ransa ba zai zauna a ƙauyen da mutane kansu ke neman abin kai wa baki ba, kuma ba lallai ne a kwaikwaye shi ba. Amma ginshiƙinsa, wato a ba mutum dabba riƙo ba mallaka ba, ba baƙon abu ba ne a nan. Bahaushe ya san ba da kiwo, inda mai akuya zai ba wata ta riƙe su raba 'ya'ya, Fulanin Nijar kuma suna da habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa garkensa aron saniya ya riƙe 'ya'yan da ta haifa sannan ya mayar da uwar, tsarin da ƙungiyoyin agaji suka ara suna farfaɗo da garkunan awaki bayan fari. Jakar da aka ceto, aka yi mata magani, aka ba gidan da aka sace wa tasu a kan sharaɗin ba za a sayar da ita ba, da shaidar mai unguwa ko dagaci, ta koma inda ranta ke da amfani ga mai riƙonta.

Ta fuskar addini ma ba a rasa madogara ba, sai dai an taƙaita ta ga rabin hukuncin. Kowa ya san ba a cin naman jaki, kuma da yawa daga masu sayar da shi a kara suna kwantar da hankalinsu da cewa su ba su ci ba, ba su kuma yanka ba. Amma Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani jaki da aka yi wa lalas a fuska sai ya la'anci wanda ya yi masa, kuma hadisin Shaddadu ɗan Ausu, wanda ɗaliban Islamiyya ke haddacewa, ya wajabta kyautatawa hatta a wurin yanka. Malaman hisba na dā, irin su Mawardi, sun sa hana ɗora wa dabba abin da ba za ta iya ba a cikin ayyukan mai kula da kasuwa. Jihohin Kano da Jigawa da wasu maƙwabtansu suna da hukumomin hisba, kowace babbar kasuwar dabbobi kuma tana da shugabanninta da suka san kowane dillali da sunansa da na mahaifinsa, suka kuma san wace mota ce ta yi lodi da inda ta nufa. Su ne ke iya hana a loda mai ciki da mai shayarwa, su ƙayyade adadin da tirela za ta ɗauka, su kuma nemi shaidar mai gari kafin a sayar da jakin da ba a san mai shi ba, kamar yadda wasu kasuwannin suka fara yi wa shanu tun da satar shanu ta yi ƙamari. Duk wannan a ranar Alhamis ake iya yinsa, a cikin kara, kafin direba ya tayar da mota.